Shamfu mai cire kwarzane: ya goge min rawayar Adaidaita, amma ya dusashe min bonet

Baban Hanan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na san a cikinku akwai masu fenti da masu wanki, don Allah a ba ni haske.

Wajen wata biyu ke nan wani mai Adaidaita Sahu ya goge ni a cunkoson Ƙofar Nassarawa. Ba bugu ba ne, shafa ce kawai, amma ya bar min dogon layin rawaya tun daga ƙofar baya har bamba. Motar Corolla ce baƙa, kun kuwa san baƙar mota ba ta da rufin asiri. Yaron ya sauko yana ta ba ni haƙuri, na dube shi na ga ko na riƙe shi ba abin da zan samu sai ɓata lokaci, na ce Allah ya tsare gaba.

Da na je sayen man birki a Ƙofar Ruwa, mai shagon ya hango layin, ya miƙo min wata robar shamfu ya ce wannan ba irin wanda na saba ba ne, yana wanki yana cire kwarzane. Ba zan kama sunan kamfanin ba. In ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji wani ɗan tsaki-tsaki mai laushi kamar na makilin. Na dawo gida na jiƙa soso, na matsa kaɗan, na goga. Wallahi ko minti biyar ba a yi ba rawayar nan ta tafi kamar ba a taɓa yi ba. Har maman yara na kira ta zo ta gani.

To daɗi ya ɗebe ni, na kai wa yaron da ke wanke min mota robar gaba ɗaya, na ce daga yau da wannan za ka riƙa yi duk Juma'a. An yi wanki bakwai. Jiya da azahar na fito daga masallaci, rana na tsaka, na dubi bonet sai na ga ya yi wani hazo-hazo, ga zane sirara suna zagaye hasken rana kamar saƙar gizo. A inuwa ba a gani. Tambayata: jabu aka sayar min, ko kuwa haka abin yake?

Auwalu Direba: Wa alaikumus salam. Alhaji garin gyaran gira ke nan. Ni shekarata 14 ina Kano zuwa Zariya, omo da bokiti ɗaya, ba abin da ya taɓa damuna.

Maman Sadik: Malam Auwalu, ai Sharon ɗinka ba ta da sauran fentin da zai lalace 😂

Auwalu Direba: Hajiya a bar tone-tone.

Oga Garba Mai Fenti: Baban Hanan, kafin a yanke wa kowa hukunci, amsa min abu uku. Yaron nan yana fara watsa wa motar ruwa sosai kafin ya ɗora soso? A rana yake wankin ko a inuwa? Kuma a bokiti yake zuba shamfun ko a kan soson?

Baban Hanan: Oga, gaskiya watsawa ɗaya yake yi da kofi. Wajen ba rumfa, rana ce. Yadda yake zubawa kuma ban taɓa tsayawa na gani ba, makulli nake ba shi na tafi aski.

Oga Garba Mai Fenti: To ba jabu ba ne. Da jabu ne da bai cire rawayar ba. Abin da ka saya folish ne aka zuba cikin sabulu. Kai kuma ka sa ana yi wa motarka folish duk sati, a rana, a kan ƙura. Ko ni da nake sana'ar in na yi haka sai ta dusashe.

Injiniya Bashir: Bari na ɗora a kan maganar Oga Garba, don mutane da yawa sun ɗauka irin wannan shamfun cike ramin kwarzane yake yi. Ba cikewa yake ba. Cin gefen ramin yake har sai wurin ya zo daidai da ƙasan ramin.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai kuma na sama wanda ba shi da launi, kamar gilashi, shi masu fenti ke kira kiliya (ba kiliyar gefen titi ba, Malam Auwalu). Shi ne mai sheƙin, kuma shi ke tare rana kada ta ci launin. Duka hawan nan in daga kamfani motar ta fito kaurinsu bai fi maikuron 100 zuwa 150 ba. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Kiliyar ita kaɗai wajen 40 zuwa 50 take. Farar takardar da ake fotokwafi da ita kaurinta wajen 100 ne. Wato duk sheƙin da muke taƙama da shi rabin falle ɗaya ne na takarda, kuma abin da aka cinye ba ya tsirowa.

Dalilin da ya sa kwarzane ke yin fari a ido shi ne bakin ramin yana da kaifi, yana watsa haske ko ta ina. In aka goge bakin ya yi sulɓi, ko ramin bai tafi duka ba ido ba zai ƙara kama shi sosai ba. Tsaki-tsakin da ka ji a yatsa shi ke wannan aikin, garin ma'adini ne mai laushi ƙwarai, a yawancin man folish alumina ce ko farar laka.

Ita kuwa rawayar Adaidaita ba rami ba ce ma. Fentinsa ne ya manne a kan naka. Shi ya sa ta tafi a minti biyar. A nan irin wannan shamfun ya fi kowa iya aiki.

Sagiru Wanki: Salamu alaikum iyayena. Ni mai wankin mota ne, kuma na ga alamar a kanmu za a sauke laifin, gara na yi magana tun da wuri.

Mai mota zai zo ya ce maka minti goma gare shi. Ruwa saya muke a wajen 'yan garuwa, jarka-jarka, in ba wajen da ke da burtsatse ba. Ka ce za ka zubar da jarka biyu a kan mota kafin ka taɓa ta, a kuɗin da za a ba ka? Sannan a kawo maka roba rubutun jikinta Turanci ne ƙanana, wani ma ba Turancin ba ne, a ce yi da wannan. Ba wanda ya ce maka folish ne. Kai kuma ka ga ba ya kumfa sosai sai ka ƙara matsawa, ka ƙara dannawa, don mai mota ya ga ka yi aiki. Ni kaina na taɓa yi wa wata baƙar Accord haka.

Baban Hanan: Sagiru wallahi ban ɗora wa yaron laifi ba. Ni na ba shi, ni na ce duk Juma'a.

Sagiru Wanki: Allah ya saka da alheri Alhaji. Ba kowa ke faɗin haka ba.

Ɗan Damagaram: Barkanku da war haka. Ni ina ga ba a nan gizo ke saƙar ba, tunda Alhaji ya ambaci saƙar gizo. Ku dubi lokacin. Wata biyun nan da ya faɗa tsakiyar hunturu ne. Ƙurar da ke sauka a kanmu tun daga Nuwamba har Maris daga Sahara take tasowa, kaso babba daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, mu nan ita ke fara gaishe mu kafin ta iso muku. Ba gari ba ce kamar fulawa, akwai ɓarɓashin yashi a ciki, yashi kuwa har gilashi yana kartawa balle fenti. Nan garinmu za ka ga mutum da safe ya ɗauko busasshen tsumma yana share ƙurar dare daga bonet. Wannan samfefa ce yake yi wa motarsa bai sani ba. Ko da shamfun ruwan zamzam ne, muddin watsawa ɗaya aka yi da kofi sannan aka ɗora soso, zanen nan sai ya fito.

Injiniya Bashir: Na yarda da kai fiye da rabi. Wanki bakwai da hannu ba zai cinye kiliyar kamfani ba, Baban Hanan ya kwantar da hankalinsa. Zanen da ke zagaye rana aikin yashi ne da ya maƙale a soso. Amma hazon, wato dusashewar, akwai hannun shamfun a ciki. Baƙin bonet a ranar Kano yana haura digiri 70. Sabulun na bushewa nan take, garin ya rasa ruwan da zai zame a kai, sai ya riƙa ƙuje wurin maimakon ya goge shi. Ga shi kuma duk wani kakin folish da ke kan motar ya riga ya wanke shi tun wankin farko, don haka ba abin da ke ɓoye aibin.

Oga Garba Mai Fenti: Injiniya, lissafinka na littafi daidai ne, amma ka ce kiliyar kamfani. Mota nawa ce a garin nan ke yawo da fentin kamfani? 'Yar Kwatano kafin ta iso hannunka an taɓa bamba, an taɓa fenda, wata ma an juye ta gaba ɗaya. Wanda ya fesa kuma ba ka san me ya zuba ba. Wani zai tsinka kiliya da tina don gwangwani ɗaya ya ishe shi mota biyu, wani ya rage hadina, wato sinadarin da ke sa ta yi tauri, ta bushe a rana ba a oban ba. Irin wannan ko da farce ka danna sai ya nuna. Na ga bonet ɗin da goga biyu ta kai shi ga launi. Ni ba zan ce wa mutum ya kwantar da hankali ba sai na ga motar da idona.

Injiniya Bashir: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti, in ka ɗora ta ta nuna 120 a rufi amma 300 a ƙofa, ka san an sake fesa ƙofar. In ta haura 1000 kuwa bodi fila ce kwance a wurin.

Oga Garba Mai Fenti: Mu mayen ƙarfe muke sawa a cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, fila ce.

Nazifi: Oga Garba dai kasuwa yake nema 😄 kowace magana sai ta ƙare a "kawo na gani".

Oga Garba Mai Fenti: Yaro, da kasuwa nake nema sai na yi shiru ya ci gaba da wankin har Sallah, sannan ya kawo min bonet da rufi na fesa.

Nazifi: Tuba nake Baba.

Maman Sadik: Ni tambayata daban ce. Akwai tsohuwar Starlet ja ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ƙanena ke hawa. Ya gwada irin wannan shamfun sai soson ya rine ja jawur, ruwan da ke gangarowa kamar an yanka rago. Ya tsorata ya bari a rabi. Yanzu ƙofa ɗaya na ƙyalli sauran sun koɗe. Ya lalata ta ne?

Oga Garba Mai Fenti: Allah ya jiƙan Baba. A'a Hajiya, bai lalata ba. Wannan fenti mai hawa ɗaya ne, ba kiliya a kansa, launin da sheƙin a haɗe suke. Tsofaffin motoci da yawa haka suke, mu ma har yanzu muna fesa irinsa a motocin haya. Rana ce ke ƙona samansa ya zama kamar alli, ja kuma ya fi kowane launi saurin yin haka. Abin da ya ga yana zuba mataccen fenti ne, mai ran yana ƙasa, shi ne ƙofar da ke ƙyalli. Ya ƙarasa sauran a inuwa, a hankali, ya kiyayi kaifin jiki da bakin ƙofofi don nan fenti ya fi sirantaka. In ya gama ya shafa kakin folish, in ba haka ba wata biyu ta koma gidan jiya.

Amma a lura: in motar mai kiliya ce ka ga launi a soso, tsaya nan take. Ka huda ke nan.

Maman Sadik: Na gode Oga, Allah ya ƙara buɗi. Bari na tura masa.

Malam Habu: Don Allah ni dai a taƙaice, ta yaya mutum zai gane kwarzanen da wannan abin zai cire da wanda sai an je wajen fenti? Kullum a makaranta yara na jingina kekuna a jikin tawa.

Injiniya Bashir: Malam, wanke wurin ka zuba masa ruwa. In zanen ya ɓace yana jiƙe, ya dawo da ya bushe, a cikin kiliya yake, akwai fatan gyara. Sannan ka ja farcenka a kai a gicciye. In farcen ya wuce sumul, gogewa za ta yi magani. In ya maƙale ka ji ƙas, ya yi zurfi, shamfu ba zai kai can ba, iyakarsa ya rage masa fari. In kuwa kana hango toka-toka ko farin ƙasa ko ƙarfe, wannan sai a taɓa masa fenti kafin damina ta sa masa tsatsa.

Wani abu kuma: ba duk robar da aka rubuta tana cire kwarzane ce mai gari a ciki ba. Wasu kaki ne da mai, suna cike zanen ya ɓuya, bayan wanki biyu ko uku ya dawo. Waɗannan ba sa cin fenti, amma ba sa gyara komai. Masu garin na gaske sukan faɗa a jiki. Misali Wash Plus na kamfanin Meguiar's na Amurka, ba a bokiti ake zuba shi ba, a kan jiƙaƙƙen soso ake matsawa, a wanke ɓangare ɗaya a ɗauraye kafin a wuce gaba. Dalilin a bayyane yake, in ka zuba gari a bokiti ƙasa zai kwanta.

Baban Hanan: Nawa ba shi ba ne, amma yanzu na leƙa wajen yaron na karanta jikin robar da tabarau, shi ma haka aka ce, a kan soso, kuma kada a yi a rana. Wata biyu da sayenta ban karanta ba.

Auwalu Direba: Duk wannan dogon Turanci. In Adaidaita ya goge ka, ɗan fetur a tsumma, shi ke nan. Wasu ma man birki suke sawa.

Oga Garba Mai Fenti: Auwalu kada ka kashe wa mutane motoci! Man birki cin fenti yake, in ya kwana a wuri sai ya kumbura ya saɓule, tambayi duk makanikin da ya taɓa zubar da shi a fenda. Fetur a fentin kamfani in an goge an wanke nan da nan yakan wuce lafiya, amma a sabon feshi yana kashe sheƙi. Tina kuwa kada ma a fara.

Auwalu Direba: Ni dai na ce wasu, ban ce ni ba.

Nazifi: Makilin fa? Na ga ana yi a bidiyo.

Injiniya Bashir: Yana ɗan yi, don shi ma akwai garin silika a ciki, shi ke goge haƙori. A ɗan tabo kamar girman kwabo ba laifi. Ba dai za ka wanke Corolla da shi ba.

Sagiru Wanki: Tunda ana koyarwa bari na faɗi abin da na gani da hannuna. Kada a bari ya taɓa baƙar robar da ba fenti, irin ta gindin madubi da ƙasan bamba da wajen waifa. Shiga yake cikin ƙofofin robar ya bushe ya yi fari, sai ka sa buroshi kana ta fama. Motocin da aka naɗe da leda marar sheƙi ɗin nan da samari ke yayi, su ma kada a kusance su da shi, wurin zai yi ƙyalli shi kaɗai kamar goshin mai sanƙo, kuma ba ya komawa.

Injiniya Bashir: Haka ne. Da wanda ya biya kuɗi aka yi masa seramik, wato siririn rufin kariya da ake shafawa a kan kiliya. Kaurinsa maikuron ɗaya ne zuwa biyu, garin zai cinye kuɗinsa.

Hajiya Admin: An goge saƙon wanda ya turo tallar filaye. A ci gaba.

Baban Hanan: To yanzu ni mene ne mafita? Na zubar da robar?

Oga Garba Mai Fenti: Kada ka zubar, ka dai karɓo ta daga wajen yaron ka ajiye a but. Ranar da wani ya sake shafa ka, ko kashin tsuntsu ya bar shati, ko ka ga jikin ya yi kaushi bayan damina, sai ka ɗauko. A wanke motar tukuna da shamfu na yau da kullum ta fita tas, sannan a bi wurin da wannan, da sassafe ko bayan la'asar, hannu na tafiya a miƙe ba zagaye ba, ba dannawa. Ni a ganina sau biyu a shekara ya isa in duk jikin za a bi.

Injiniya Bashir: Ni ko sau biyun ban so a baƙar mota ba. A fara ko silba ba za ka ga illarsa ba. A baƙa gara a tsaya a inda tabon yake kawai.

Oga Garba Mai Fenti: Injiniya ai ba kowa ke da kuɗin kai mota bofin, wato folish da inji, ba. Talaka ya samu abin da zai yi da hannunsa a ƙofar gida, ka ce kada ya yi?

Injiniya Bashir: Ya yi mana. Amma ya san daga kiliyarsa ake cirewa, ba daga robar ake ƙara masa ba.

Ɗan Damagaram: Ku dai ku sayi bokiti na biyu na ɗauraye soso, ya fi duk wannan gardamar araha.

Baban Hanan: Jama'a na dawo da rahoto. Yau da safe na kai wa Oga Garba motar. Ya sa mayen ƙarfensa, ya leƙa bakin robobi, ya ce bonet da rufi na kamfani ne, amma ƙofar bayan da aka goga ɗin an taɓa fesa ta, abin da dillali ya rantse min ba a yi ba. Ya manna salatif ya raba bonet biyu, ya bi rabi da man folish mai laushi da inji, bai fi minti ashirin ba. Muka tura ta rana. Ɓangaren da ya bi ya koma baƙi wuluk har ina ganin gemuna, ɗayan kuma yana nan da hazonsa. Zane biyu ne suka ƙi fita, ya ce na yashi ne masu zurfi, in ya bi su zai ci kiliya da yawa, gara a bar su. Na ce a bar su.

Na biya ta wajen yaron na karɓo robar, saura kamar kwata. Na saya masa bokiti da tawul biyu masu laushi, na ce zan riƙa ƙara masa kuɗin jarka ɗaya.

Sagiru Wanki: Alhaji a wace unguwa kake? Ina neman kwastoma irinka.

Maman Sadik: Oga Garba, ƙanena ya ce ya gama Starlet ɗin, amma rufin ya ƙi yin ƙyalli, wai wani wurin ma har toka-toka yake gani.

Oga Garba Mai Fenti: Ya tsaya haka nan Hajiya, rufin ya ƙare. Ya kawo ta ranar Asabar, kafin azahar.